Ƙwayar barcina da mijin ƙanwata

Shekarar da fari ya cinye mana shanu, barci ya ƙaurace mini. Na je gidan likita a Gure, likita ya rubuta mini wata ƴar ƙwaya mai kwantar da hankali. Ya ce rabi zan riƙa sha in zan kwanta, kada in ba kowa, kada kuma in yanke ta farat ɗaya, shi zai rage mini a hankali. Haka na yi, na samu sauƙi.

Mijin ƙanwata direban babbar motar kaya ne, mai cika baki, don ya taɓa kai kaya Yamai yake ganin ya fi kowa sani. Wata rana ya shigo ɗakina, ya ɗauki kwalbar maganin yana juyawa, ya ce, "Yaya, wannan ƴar abar ce ake ba ka rabi? Ni uku ma ba za su motsa ni ba."

Na karɓe abata na ce, "Ba kai aka rubuta wa ba."

Ashe ya riga ya zare biyu. Washegari ya haɗiye su, ya kora da giya, ya kama hanyar Gidigir da buhunan hatsi. Bai yi nisa ba barci ya kwashe shi, motar ta kife cikin rairayi. Allah ya sa ba kowa a baya. Makiyaya suka tarar da shi yana munshari, awaki na cin hatsin mutane.

Ya tsira da ransa, amma har ya mutu cewa yake birki ne ya tsinke. Ban ƙara barin sa ya shiga ɗakina ba.