Simintin da Na Zuba a Bayan Rumbu

Da za a ba ni dama in goge abu ɗaya a rayuwata, da na goge ranar da na kwaɓa siminti na ce ni ma sai na yi ƙirji. Dalilinsa yau nake salla a kan kujera a gefen sahu, goshina ba ya kai wa ƙasa.

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba. Gidajen kallo a garinmu, can hanyar Zango, suka yi sanyi, samari suka koma ɗaga ƙarfe a wani kango. Yawancinsu 'yan acaɓa ne. Da yamma su fito cikin matsattsun riguna, suna tafiya hannuwa a ware kamar masu maruru a hammata. Ni kuwa na haura arba'in, ina wucewa ina tsaki. Tsakin a baki ya tsaya, a zuciya ƙyashinsu nake yi.

Girman kai ya hana ni tambayarsu. Yaya za a yi in tsaya gaban yaron da na ci goron sunansa, in ce ya koya mini? Sai na samo manyan gwangwanayen fenti biyu da bututun famfo, na cika su da siminti da tsakuwa a bayan rumbu, inda babu mai gani. Ma'aunina kuwa na sakarai ne: tunda ina kawo buhun gero a ka daga gona, na ce nauyin buhu zan yi. Ban tsaya na tuna ba cewa ban taɓa ɗaga buhu daga ƙasa ni kaɗai ba. Mutane ke ɗora mini, ina tsaye, bayana a miƙe. Shi ƙarfe a ƙasa yake, babu mai ɗora maka.

Matata ta gan shi yana bushewa, ta tambaya ko sabon murhu nake mata. Na ce ta kama gabanta.

"Malam, in ƙarfi ya yi maka yawa, ga gero can ya isa girbi," in ji ta.

Da ya bushe na sunkuya a kansa kamar mai tsintar gyaɗa, gwiwoyi a sandare, na fizga. Ya ɗan taso. Sai na ji wani abu ya tsinke a ƙasan bayana kamar igiyar guga, na zube. Mai hankali nan zai tsaya. Ni kashegari na shafa man zafi, na ɗaure ƙugu da rawani, na koma. Wannan karon ɗauko ni aka yi.

Mai ɗori a Sandamu ya lalluba, ya ce ƙashi lafiya lau, wannan ba aikinsa ba ne. A asibiti aka ce wani abu a tsakanin ƙasusuwan baya ya goce yana danne jijiya. Geron shekarar ƙanena da maƙwabta suka girbe ina kwance. Duk mai zuwa dubiya na ce masa daga kan rumbu na faɗo. Cikin masu dubiya ƙanena kaɗai ya leƙa bayan rumbu ya ga abin.

"Yaya, wannan ai ko jaki ka ɗora wa sai ya kwanta," ya ce.

Daga baya ɗaya daga cikin samarin nan, wanda yanzu tumbi ya cinye ƙirjin da yake mana taƙama da shi, ya gaya mini yadda suke yi. Sabon shiga bututu kawai ake ba shi ya daɗe yana ɗaga shi, ya lanƙwasa gwiwa, wani na tsaye a bayansa. Duk ilimin ke nan, bai kai a zauna saboda shi ba, kuma shi na ƙi tambaya.

Mai karatu, ban hana ka ɗaga ƙarfe ba. Ina dai roƙonka don Allah kada ka bi hanyata. Ka fara da abin da za a yi maka dariya saboda rashin nauyinsa, kada ka ɓuya, kuma ka tambayi wanda ya riga ka ko da sa'an ɗanka ne.