Mainasara da Rijiyar da Aka Cike

Mainasara ya gaji haƙar rijiya daga mahaifinsa. A Tungar Ɗantani yake zaune, wani ɗan tudu a tsakiyar fadama, can bayan Lambara. Da damina ruwa kan kewaye garin ya zama tsibiri. Da bazara kuwa gida arba'in ɗin nan rijiya ɗaya suke sha, wadda shi ya haƙa.

Tun babban farin da aka yi a baya ya lura ruwan na ja da baya. Kowace shekara sai mata sun ƙara wa guga igiya. Duk ɗan siyasa mai neman kujera da ya zo garin, roƙon Mainasara gare shi ɗaya ne: siminti, ya ɗaure rijiyar ya ƙara mata gaba huɗu. Kowa ya ce masa an ji.

Ana saura wata uku zaɓen 1983, wani ɗan kwangila mai suna Alhaji Maniru ya taho daga Bodinga da motar haƙa. Aka yi burtsatse, aka sa injin dizal. Ya ce a cike tsohuwar rijiyar, nan ne tanki zai zauna.

Mainasara ya durƙusa gaban mai gari.

"Ranka shi daɗe, a bar ta. In injin ga ya tsaya, mi za mu sha?"

"Malam Mainasara, zamani ya wuce guga," in ji Alhaji Maniru. Jama'a suka yi dariya.

Mainasara na tsaye samari suka zuba wa rijiyar ƙasa da duwatsu, wuni guda suka gama.

Wata bakwai famfo ya yi yana zuba. Sojoji suka karɓi mulki, dizal ya yi wuya, sannan injin ya ƙone, ba a sami kayan gyaransa ko a Sakkwato ba. Damina ta zo ba ruwa, gero ya bushe a tsaye. Matarsa Zulaihatu da sauran mata suka koma ɗaukar tulu har Lambara. Da suka koma shan ruwan wani tsohon kududdufi, zawo ya kashe yara biyar.

Mai gari ya zo ƙofar gidansa da kansa.

"Munka yi kuskure, Malam."

Mainasara ya shiga ɗaki. Ya ɗauko dagi da kwando ya fara haƙar sabuwar rijiya, ga shi ya haura sittin. Kwana ashirin da uku yana cikin rami, sai a gaba goma sha bakwai ya taɓa laima. Kafin nan rabin garin ya watse, wasu sun tafi garin Shagari, wasu kudu.

Da tari ya fito daga ramin, bai ƙara shiga wani ba. Ranar da aka fara jan ruwa Zulaihatu ta kawo masa a ƙwarya. Ya kurɓa, ya miƙa mata.

"Da gartsi," ya ce. "Waccan ta hi daɗi."

Bai kai damina biyu ba ya rasu. Mutum goma sha ɗaya ne suka yi masa salla.