Ruwan Baba Sale a Hoton Kokowa

Har gobe ban manta da ranar da wani ɗan kokowa ya shigo mini studiyo a unguwar Lamorde da wani hoton da na ɗauka a hannu, idanunsa jajur ba. A lokacin ina ɗaukar wa wata jarida hotunan wasanni, ranakun da babu wasa kuma in ɗauki amare da masu neman fasfo.

Ga wanda bai san aikin ba, gilashin da ake ɗaura wa kyamara shi muke kira objektif, kuma kowanne da aikinsa. Na fuska, mai lamba 85, da shi kake tsayawa kusa da mutum, ka fito da shi yadda Allah ya yi shi, ba hanci ya kumbura ba. Na wasanni kuwa dogo ne, mai lamba 400, nauyinsa sai ka nemi ƙafar kyamara ka ɗora. A filin kokowa ba a barin mu shiga da'ira, don haka dogon ne ke kai mu. Amma yana da hali guda: yakan matse nisa, abin da ke can baya ya zo ya manne da na gaba.

Ranar wata Lahadi aka yi kokowar unguwanni. Laminu, direban taksi daga unguwar Dar es Salam, ya kara da wani yaro Bazabarme mai suna Hamani, kuma Hamani ya kayar da shi. Cikin hotunan da jarida ta saka har da wanda na ɗauka kafin a kama: Laminu ya duƙa, a bayansa kuma ga Baba Sale, kawun Hamani, yana tsiyaya ruwa daga gora. A hoton sai ka rantse a gadon bayan Laminu ruwan ke sauka. Kafin Litinin ya zaga wayoyi, kowa na cewa asiri aka zuba masa.

Ranar Talata Laminu ya zo da abokinsa Bubakar.

"Malam Idi, babban hoton nika so," in ji shi. "Gobe za mu kai ma kwamitin kokowa a hana tsohon nan shiga fili. Samarinmu ma sun ce sai sun je gidanshi."

Na san inda Baba Sale ya tsaya ranar, can jikin shinge, yana wanke hannu zai yi alwalar la'asar. Na gaya masa haka.

"Kai ka ɗauki hoton, kuma kai za ka ƙaryata shi? Nawa suka ba ka?"

Maganar ta yi mini zafi, amma na haɗiye. Na ga baki ba zai yi ba, sai na saɓi kyamara na ce su biyo ni waje. Na tsayar da Bubakar a tsakiyar layi. Can ƙarshen layin akwai mai shayinmu, yana ɗaga buta sama yana tsiyayawa a kofi kamar kullum. Na ɗaura dogon objektif, na daidaita, na ce wa Laminu ya sa ido.

Ya leƙa, sai ya yi tsalle baya. "Kai! Bubakar, shayi a kanka!"

Bubakar ya shafa kai, ya ji a bushe. Mai shayi bai ma san ana yi ba. Na cire dogon na sa na fuska, na matsa kusa da Bubakar, na ce wa Laminu ya sake dubawa. Yanzu ga Bubakar, ga babura a tsakani, ga mai shayi ɗan ƙarami can nesa.

Na zaci zai yi dariya. Bai yi ba. Ya sake neman dogon, ya duba, ya ɗago ya kalli layin da idonsa, ya sake dubawa. Sannan ya zauna a bencin ƙofar studiyo.

"Ke nan ba a yi mini komi ba," ya ce a hankali. "Yaron nan kayar da ni ya yi kawai."

Tausayinsa ya kama ni. Tun Lahadi hoton nan ne ke rufa masa asiri a tashar taksi, ni kuma na yaye. Ya ciro wayarsa ya kira samarin, ina ji ya ce kada wanda ya taka ƙofar Baba Sale, ƙarfi ne yaron ya fi shi. Haka ya faɗa musu har ƙarshe.

Tun daga nan, duk hoton da na ɗauka da dogon objektif, kafin in miƙa wa shef, wato editan jarida, sai na tambayi kaina: su waye na haɗa waɗanda a fili ba su haɗu ba? Haka nake gaya wa masu tasowa. Mutane suna yarda da hoto fiye da rantsuwa, musamman in ya faɗi abin da suke son ji. Na ɗauki 'yan kokowa da yawa suna ɗaga hannu bayan nasara, amma ban ga wanda ya kai jarumtar da Laminu ya nuna a bencin nan ba, kuma ranar ban danna kyamara ba.