Kakana da Simintin Kawu Wilmar

Kakana Heriberto, shekara tamanin da ɗaya, bai taɓa yafe wa kowa komai ba. A garinmu La Ceja kowa na noma furen hortensiya fara don a kai ƙasashen waje. Shi kuwa gindi ɗaya gare shi a ƙofar gida, shuɗiya shar. Uwarsa ce ta ƙunso reshen a zani lokacin da 'yan jar jam'iyya suka ƙone musu gona. Gidanmu 'yan shuɗi ne, ko jar riga ba ta shiga.

Tukar kofi yake zuba mata, ya binne tsoffin ƙusoshi, duk don ƙasar ta yi tsami, launin ya tsaya. Ni da muke jini ɗaya ban taɓa samun rabin kulawar nan ba.

Da tsoho ya kwanta asibiti, Kawu Wilmar ya zo daga Medellín da abin kirkinsa, ya malale ƙofar gida da siminti har gindin furen, wai kada Baba ya zame. Mutumin da aka haifa a gidan nan! Ko ni da aka kora daga aji uku na san siminti na kashe tsamin ƙasa.

Bayan an sallamo tsoho, fure na gaba ya fito ruwan hoda.

Maƙwabcinmu Don Argemiro, ɗan ja tun kakanni, ya leƙo ta shinge, wainar masara ta arepa a hannu.

"Heriberto, barka da shigowa jam'iyya! Katin fa, yaushe za ka karɓa?"

"Ka karɓa wa uwarka!"

Tsoho ya sa na kira masa Kawu a waya.

"Wilmar, uban wa ya aike ka?"

"Baba, fure ne fa kawai. Ƙugunka nake ji."

"Ƙuguna nawa ne! Sun ƙone gona ba su iya da ita ba, sai kai da buhu huɗu?"

Ya jefar min da waya cikin kaji.

Washegari na tarar da shi da guduma, yana dukan simintin, yana haki, yana zagi. Na ce, "Tsoho, ko ka fasa, sai ta yi shekara biyu kafin ta dawo. Likita ma bai ba ka biyun ba."

Ya dube ni sama da ƙasa.

"Likitan ɗan ja ne. Karɓi nan, malalaci."

Kwana uku muna fasawa, hannuna duk ya ɗuri ruwa. Yanzu kullum da safe yana fita da almakashi, duk kan furen da ya fara yin ruwan hoda ya datse shi, ya wurga gidan Argemiro. Maganinsa ma da yake zubarwa a bayi, ya fara sha.