Badiyya da Shafin 'Yan Fata

Badiyya ta makance tana 'yar shekara tara, bayan baƙon dauro. A makarantar makafi ta koyi tafireta, kuma da ita ta shekara goma sha ɗaya tana buga wasiƙu a ofishin ƙungiyar 'yan fata ta Agege. Da kwamfuta ta zo, wata ƙungiyar makafi a Yaba ta sa mata manhajar da ke karanta rubutu da murya.

A shekarar 2001 shugabansu, Alhaji Shitu, ya ce a buɗe shafin intanet saboda masu sayen fata daga waje. Longji, mai gyaran kwamfuta daga Ikeja, ya kawo manhajar haɗa shafi. Badiyya ta zauna ta gwada, muryar da ke karanta mata rubutu ta yi tsit. Komai sai an nuna shi a allo da maus, sai mai ido. Longji ya ce ta riƙa faɗa yana yi mata, Alhaji ma ya ce ai hutu ta samu.

"Alhaji, ban nemi hutu ba," in ji ta. "Idona ne ya tafi, yatsuna suna nan."

Ta hau danfo, bas ɗin haya, zuwa Yaba. Martina, malamar da ke koya musu kwamfuta, ta karanta mata ƙa'idojin da aka fitar wa masu ƙera irin wannan manhaja: ta yi aiki da madannai kaɗai, kuma ta taimaka wa marubuci ya bayyana kowane hoto. Badiyya ta sa aka maimaita mata. Ta dawo ta buga wa kamfanin da ya ƙera manhajar wasiƙa, ta jera musu inda suka saɓa.

Ba ta zauna jiran amsa ba. Wurin Martina ta koyi rubuta shafi da hannu, alama bayan alama. Gwajin farko Longji ya ce hotunan sun hau kan juna. Ta gyara har sau shida. Kowane hoto sai ta tsare Alhaji ya faɗa mata abin da ke ciki, ta rubuta: fatar jan akuya, an jeme, an shanya a igiya. Ya yi ta mita, amma ya faɗa.

Shafin ya fito cikin mako uku. Amsar kamfanin sai bayan wata huɗu, wai za su duba a fitowar manhajar ta gaba. Ranar ta sake rubuta musu, ta ce su faɗa mata watan.