Babur ɗin da Ba a Sa a Rabon Gado Ba

Yayana ne ya so ya ƙwace mini babur bayan na tashe shi da hannuna. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da shi, don haka kada wani ya ce 'yan ubanci ne. Son zuciya ne tsagwaronsa, kuma zan faɗi yadda aka yi.

Babur ɗin na mahaifinmu ne, ɗan Japan irin na da, baƙi mai jan tanki. Da shi Baba yake zuwa aiki lokacin yana duba-gari, da shi yake kai mu makaranta, har da ni da na gudu daga aji uku na sakandare. Da ƙafarsa ta fara ciwo sai ya jingine shi a bayan gidanmu na Tarauni, kusa da akurkin kaji, ya ce sai ya warke. Bai warke ba. Ranar da malam ya zo rabon gado, an sa gida, an sa filin Hotoro, har da tabarmi da buta. Malam ya nuna babur ya ce, "Wannan fa?" Yaya ya yi dariya ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan ai shara ce, kada mu ɓata maka lokaci." Aka wuce shi.

Shekaru suka ja. Na bar aikin direba, ina zaman haya a Gyadi-Gyadi, a gidan da yake da gareji amma babu mota, sai buhunan gawayin matata. Wata rana na je gaida Inna, na tarar da mai sayen gwangwan yana ƙwanƙwasa tankin da ƙusa. Raina ya ɓaci, na kore shi. Na ce, "Inna, ni zan ɗauka." Ta ce, "Ɗauka mana, ya tare mini wajen shanya." Wa zai tara shaidu a kan tsatsa? Na kira adaidaita sahu, muka cusa shi, rabinsa a waje, kashin kaji yana zuba har titin Zariya.

Daga ranar gareji ya zama ɗakina. Na kwance komai na jera a kan kwali. Fistin ya ƙame a cikin injin kamar an yi masa walda. Na cika shi da kananzir, kullum da safe in ɗora guntun itace in ɗan doka, in koma in jira. Matata takan leƙo ta ce, "Maigida, gawar nan yaushe za a yi mata sutura?" In ce, "Ke dai ki tanadi guɗa." Ranar da fistin ya motsa, bai kai faɗin farce ba, amma na yi ihun da ya sa ta fito da ludayi a hannu, ta zaci yatsa na datse.

Tanki kuwa cikinsa duk tsatsa. Na zuba tsakuwa da kananzir na toshe bakin, na riƙa girgizawa a ƙofar gida, kacau-kacau, har mai shayin layinmu ya ce in dai kiɗa na koma, a sanar da shi ranar wasa. Ƙananan ƙarafa a ruwan tsamiya na jiƙa su, suka fito fes. Sai neman kaya. Na babura na yanzu ba sa shiga jikinsa, ko kusa. Na yi ta sintiri a kasuwar Ƙofar Ruwa da kafireta a aljihu, har na faɗa rumfar wani tsoho. Ya juya ta a hannu ya ce, "Kai, ina ka tono kakan babura?" Ya shige can ƙurya ya daɗe yana bincike, ya fito da 'yar'uwarta a cikin tsumma. Wallahi sai da na rungume shi. Sirdi, wani mai ɗinkin kujeru a Daurawa ne ya yi mini. Fenti ma ban yarda da kowane ja ba. A ƙarƙashin tankin akwai wajen da rana ba ta taɓa ba, shi na nuna wa mai fenti na ce wannan jan nake so, ba ɗan'uwansa ba.

Wata Asabar da hantsi na fito da shi ƙofar gida. Kafin in zuba mai, layi ya cika. Na buga kik, shiru. Na sake, shiru. Na sake da ƙarfi, ya dawo ya zabge ni a ƙwauri. Maƙwabcina, ma'aikacin jinya a asibitin koyarwa, ya ce, "Malam, in ɗauko bandeji ne ko keken guragu?" Aka fashe da dariya. Na cire filogi na goge, na mayar, na yi bisimilla na taka. Ya yi tari. Ya sake tari. Sai ya kama!

Ƙarar nan! Ba irin kukan sauron babura na yanzu ba, murya ce mai kauri, dum-dum-dum, daga ƙirji. Hayaƙi ya turnuƙe layin, matata ta rangaɗa guɗa, mai shayi yana dukan tebur da cokali. Ni kuwa ina murɗa totur ina dariya, hawaye yana zuba, ƙafata tana jini ban ma sani ba. Ko takalmi ban canza ba na haye sai Tarauni. Ban gama kashe shi a ƙofar gida ba na ga Inna ta fito ba mayafi. Ta ce daga cikin ɗaki ta ji, har ta miƙe za ta ɗauko wa Baba ruwa. Ta shafa tankin ta ce, "Zagaya da ni." Na goya ta a karkace, yadda take zama a da, muka zaga unguwa a hankali, tsofaffi suna ɗaga mana hannu.

Ba a yi nisa ba sai ga Yaya a garejina. Yana da shagon bokitai da filas a bakin asibiti, kuma a nan wani mai tara tsofaffin ababen hawa ya ga na wuce a kan babur ɗin, ya tambaye shi ko na sayarwa ne. Ko sannu da aiki bai yi mini ba. Ya ce, "Ka san babur ɗin nan bai shiga rabo ba, har yanzu na magada ne. Kawo mabuɗi, akwai mai saye." Na ce shara? Ya ce a lokacin ne shara.

Na je na tambayi malamin masallacinmu, ina sa ran ya ce ƙarya ne. Ya ce abin da ba a raba ba na kowa ne. Abin ya tsaya mini a wuya. Na bi ƙannenmu mata gida-gida, kowace ta ce ta bar mini nata duniya da lahira, Inna ma haka, wannan karon a gaban mutane. Saura rabon mutum ɗaya.

Na tattara duk abin da na cire na canza, ruɓaɓɓen sirdi, fasassun tayoyi, matacciyar kafireta, sarƙar da ta ƙame, na ɗure a buhun gawayi. Na ɗaura a bayan babur na tafi shagonsa, na sauke a gaban bokitansa, injin yana aiki.

Na ce, "Yaya, Inna da mata sun ba ni nasu, su ne ƙashin babur da injin. Ga naka nan, yadda Baba ya bar shi, ban taɓa ko tsatsar ba. In ka ga bai kai ba, kira malam ya duba, ina nan. Mabuɗi kuwa ba za ka riƙe shi ba. Ranar da ka ji marmarin muryarsa, ka zo Gyadi-Gyadi ka yi sallama, in goya ka a baya."