Layi Mai Jan Tsumma

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da zuwa Jidda ba, na yi aiki a wani ƙaramin kamfani da ke ƙoƙarin haɗa takin ruwa daga ciyawar teku. Ni ɗan Funtuwa, wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi dam ɗin garinsu girma ba, sai ga shi wai ni ne mai gwajin ciyawar Bahar Maliya. Aikin gona na karanta, amma babu malamin da ya taɓa gaya mini wata rana zan riƙa komawa gida ina ƙarnin kifi.

Aikin ba shi da wuyar ganewa. A kwaso ciyawar a bakin teku, a yi ta wanke ta har gishirin ya fita, a shanya, a niƙa, a jiƙa, a tace. Abin da ke fitowa wani ruwa ne baƙi-baƙi kamar shayin da aka manta a kan wuta. Shi nake sirkawa in ba tumatir a wata rumfar leda da ke bayan gari. Sai dai a kowane gwaji dole a bar layi ɗaya a kan ruwa zalla, don a ga ko takin ya yi wani abu. Wannan layin nakan ɗaura masa jan tsumma.

Mai kamfanin, wanda kuma shi ne kafilina, wato mai ɗaukar nauyin zamana a ƙasar, bai ɓoye mini komai ba. Ya ce, "Idan bambanci ya fito, mu ci gaba. Idan bai fito ba, shi ke nan, zan rufe sashen." Rufe sashen na nufin ba za a sabunta mini iƙama, wato takardar izinin zama, ba, in tattara in koma gida, bayan mahaifiyata ta gama gaya wa dangi cewa ɗanta bincike yake yi a Saudiyya.

A unguwar Waziriyya nake kwana, ɗaki ɗaya da wasu ma'aikata mutanen kirki, amma ban da sallama babu abin da ke haɗa bakinmu. Kaɗaici ya ci ni sosai a lokacin. Nakan yi kwanaki ban yi Hausa da kowa ba sai da tumatir. Wata rana na tsuguna gaban wani tumatir da ya yi yaushi, na ce masa, "Kai kuma me ya same ka?" Sai na ji an amsa daga bayana: "Zafi ne, ya waladi. Wa bai yi yaushi ba a garin nan?"

Tsohon da ke ban ruwa ne. Tun zuwana muke gaisawa da Larabci, ashe Bahaushen Sudan ne. Kakanninsa sun taso aikin hajji da ƙafa suka zauna a hanya, shi kuma ya ƙarasa, ya yi gida a unguwar Karantina a nan Jidda. Hausarsa irin ta da ce, da Larabci a barbaɗe. Tun daga ranar na koma kiransa Baba, kuma kullum da azahar tare muke tsoma gurasa a kwanon wake a bayan rumfar. Yakan sa ni in ba shi labarin damina, ya rufe ido yana saurare.

Gwaji ya yi nisa, tumatir ya yi kyau, sai dai kyan ya yi yawa. Layin jan tsumma ya yi shar kamar sauran, tsawo ɗaya, fure ɗaya. Na auna na sake aunawa, na zargi ciyawar, na zargi kaina, har makarantar da ta yaye ni sai da na zarga. Kafilina ya zo ya zagaya, ya dubi nan ya dubi can, ya tafi abinsa. Na fara tunanin abin da zan gaya wa mahaifiyata.

Wata la'asar na dawo ɗaukar hulata, na tarar da Baba a kan layin jan tsumma da bokiti a hannu. Ruwan ciki kuwa baƙi-baƙi ne.

Na ce, "Baba, me kake zuba musu?"

Ya ce, "Ɗan ragowar takin da ke tanki ne, ɗana. Haram a zubar a ƙasa."

"Tun yaushe?"

"Tun suna ƙanana. Ga 'yan uwansu suna sha, su suna kallo? Mu a gidanmu ba a yin haka."

Na yi masa bayani tun farko fa, amma da Hausar 'yan makaranta, ya ce "ɗayyib", wato to, na ɗauka ya gane. Ashe shi a ganinsa rowar kamfani ce kawai, shi kuma yana gyarawa a ɓoye don kada in ji kunya. Na zauna a kan buhu na sake yi masa bayanin a hankali, har na kai kan maganar iƙama. Ya ajiye bokitin. Ya daɗe yana kallon tumatirin nan da ya raina da hannunsa.

Ya ce, "Yani ni ne zan mayar da kai gida?"

Na ce ya bari, zan san abin da zan faɗa, zan ce kuskure aka yi wajen sirki. Ya girgiza kai. "La, la. Ni na zuba, ni zan faɗa. Kai yaro ne, yanzu ka fara."

Washegari kafin motar ma'aikata ta sauke ni, ya riga ya ga kafilin. Ba a yi hayaniya ba. An ba ni damar sake gwajin daga farko, shi kuma aka ce ya huta, za a kawo injin ban ruwa. Na roƙa masa iya roƙona, aka ce an gama magana. Da zai tafi ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka zo Karantina ranar Juma'a, a yi maka abincin gida."

Gwaji na biyu ni kaɗai na yi shi, babu hutun Juma'a, don ban ƙara yarda kowa ya taɓa layin ba. Na riƙa cin abincin rana a tsaye. Layin jan tsumma ya tsumbure, ganyensa ya yi rawaya, daidai yadda ake so. Sauran suka yi 'ya'ya har suna rinjayar sanda. Kafilina ya ɗauki hotuna yana ta maimaita masha Allah, aka sabunta mini iƙama.

Juma'ar farko da na samu, na cika leda da tumatir mafi kyau na nufi Karantina. Na ji ana maganar rusau, amma ban zaci ya kai nan ba. Inda ya kwatanta mini babu lungu, babu ƙofa, sai fili da tarin bulo. Na kira lambarsa, a kashe. Na tambayi wani mai gadi, ya ce mutanen sun watse, wasu sun koma unguwar Kurayyat, wasu sun bar ƙasar. Na yi tsaye da ledata a rana kamar wanda ya zo biki bayan an tashi. A nan na yi kuka, kuma ban damu da mai gadin yana kallona ba.

Yanzu takin yana shiga gonaki, manoma suna yabawa, ni ma ina jin daɗin hakan. Duk sabon ma'aikacin da ya zo, nakan zaunar da shi in yi masa bayanin layin ruwa zalla har sai ya maimaita mini da bakinsa. Na koyi cewa mutum yana iya ɓata maka aiki da tsabar alheri, kuma irin wannan ba ka samun inda za ka ajiye fushinka.

Iƙamar tana aljihuna, an sabunta ta sau da yawa tun daga lokacin. Mutumin da ya ba da aikinsa don in riƙe ta kuwa, ko sunan mahaifinsa ban tambaya ba, balle in san inda zan aika masa da gaisuwa.